Shekarar da Wayar Baƙo Ta Tsayar da Ruwan Gari

Bari in fara da wautata kafin Tanti ta riga ni ba ku labarin, domin ita gishirinta yawa gare shi. Makona na farko a shagonta da ke Gare, unguwar tashar jirgin ƙasa, nan Parakou, ta ce in sa wa wifin shago sabuwar lambar sirri. Na zauna na yi dogon tunani irin na manyan masana, na rubuta sunana, Habibu, na liƙa masa shekarar haihuwata don ya ƙara wuya. Mutum ɗaya tak na gaya wa, Ɗanjuma yaron mota, shi ma sai da na rantsar da shi. Kafin la'asar, duk wata babbar mota da ke tsakanin Cotonou da bakin iyakar Nijar ta zo ta jingina da bangonmu. Direbobi sun baza tabarmi suna kallon kokawa, mai shayi ya matso da teburinsa, har wani ya leƙo ya ce, "Habibu, reso ɗin naka ya yi sanyi, a ɗan ƙara masa wuta mana." Reso kuwa shi ne netwok a bakin mutanenmu.

Tanti Rakiya, mai shagon, ba ta doke ni ba. Ina ma ta doke ni na huta. Canza lambar ta yi, ta ajiye mini benci a bakin ƙofa, ta ce duk wanda ya tambaya in dubi tsabar idonsa in ce a'a.

"Ban ce ka ce 'sai an jima' ba, ban ce ka ce 'Tanti ba ta nan' ba. A'a kawai."

Wani direba mai wuya kamar turmi ya ce shi ya san ubana tun ba a haife ni ba. Na ce masa a'a.

Ku nake gaya wa, ku yaran da kuke tururuwa shago kuna cewa a koya muku shiga kwamfutar mutane, don kun ga wani a fim ya rufa baƙar riga a ka yana buga madannai kamar mai kiɗan kalangu. Na shiga shekara ta huɗu a sana'ar nan, wato a lissafin kwamfuta na yi furfura, kuma ban taɓa rufa baƙar riga ba sai ranar da aka tura ni cikin silin ɗin wani ofis jan waya, na fito ɓeraye suna yi mini rakiya. Kayan aikinmu su ne sukundireba, filaya, tsohon burushin haƙori na share ƙura, tsani, gam, da faifan ajiya wanda muke kwafe komai na mai aiki a ciki saboda ranar tsiya. Amma Tanti takan ce duk cikinsu babu mai nauyi kamar a'a, kuma shi kaɗai ne ba a sayarwa a kasuwa.

Akwai ranar da Malam Iro mahauci ya shigo da wayarsa, ko hannu bai wanke ba, yana ihu wai an shiga wayar an kwashe abin da ke ciki. Tanti ta juya wayar nan ciki da bai, ba ta ga alamar ɓarawo ba. Sai ta ce, "Malam, wani ya kira ka?" Ya ce e, wani bawan Allah ne daga kamfani, ya nemi lambar sirrinsa don a gyara masa layi.

"Ka ba shi?"

"Haba Madam! Mutum ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ya yi wa mahaifiyata addu'a. Sai in hana shi 'yar lamba?"

Kun ji irin mutanen da muke yi wa aiki. Ba wawaye ba ne. Malam Iro yana duban bijimi daga nesa ya gaya maka nauyin namansa. Kunya ce da su, ita kuwa kunya ƙofa ce da ba ta da sakata.

To, shekarar da ta fi kowace muni a wurinmu, a wani gari ta same mu, can kan hanyar daji bayan Kolokondé. Ba zan faɗi sunansa ba, domin har gobe ina son doyarsu. Garin yana da shato, wato dogon tankin ruwa, da famfo mai aiki da hasken rana, da wata kwamfuta a ɗakin da ke gindin shaton. Ita ke tayar da famfo, ita ke kashe shi in tanki ya cika, ita ke buɗe ruwa zuwa unguwanni da kuma kwamin da shanu ke sha ranar kasuwa. Kwamitin ruwa na garin ya ba Tanti kula da wannan kwamfuta, kuma aikin nan shi ne ƙashin bayan shagonmu. Da shi ake biyan haya, da shi Tanti take shiga ofisoshi a Djougou ta ce, "Ni ce nake riƙe da ruwan gari kaza," a ba ta kujera. In ya suɓuce, sai mu koma sauya gilashin waya da jiran direbobi.

Matsalar ɗakin famfon ɗaya ce: shi kaɗai ne wurin da wuta ba ta yankewa a garin. Kwamfutar kuwa tana da ramuka a gaba, irin waɗanda ake soka wayar caji. Ku da kanku ku ƙarasa lissafin. Tanti ta liƙa takarda a ƙofa da Faransanci wai an hana, iska ta karanta, awaki suka ci rabinta. Da bazara ta kama, Tanti tana da aikin jan waya a Djougou, sai ta tura ni in zauna a can, in riƙa goge allunan sola, in kuma tsare ramukan nan.

Na tsare su kuwa. Na ce wa malamin makaranta a'a. Na ce wa ungozoma a'a. Na ce wa wata tsohuwa a'a, ta tsaya ta zayyano mini kakannina har zuwa kan wanda ya fara kawo goro Djougou, ta ce ba a taɓa samun marowaci a cikinsu ba sai ni. Yara suka sa mini suna Ɗan A'a. Mai ƙosai ta fara zaɓo mini ƙonannu.

Ana saura kwana kaɗan kasuwar shanu, sai ga Alhaji Sule, shugaban kwamitin ruwa, babban dillalin shanu, ya nufo ɗakin da baƙonsa. Baƙon wani attajiri ne da ya zo sayen bijimai, wayarsa ta mutu a hanya. Wayar nan kallo ɗaya na yi mata na san babu rumfar tura waƙa da fim da ba ta kwana ba daga nan har bakin teku. Na miƙe na tsaya a bakin ƙofa, na baza hannuwa.

"Alhaji, a yi haƙuri. A'a."

Alhaji ya yi dariya, ya dubi baƙonsa. "Ka ji yaron Madam ke nan, sojan ƙofa." Sannan ya juyo. "Ɗana, wa ya bi gida gida aka gina shaton nan?"

"Kai ne, Alhaji."

"To ko ruwa ba a hana baƙo, balle wutar da Allah ya sauko da ita daga rana kyauta. So kake a je ana faɗi a kasuwanni cewa an sauka gidan Sule an kwana da matacciyar waya?"

"Alhaji, in akwai cuta a wayar, za ta shiga kwamfutar, kwamfutar kuwa..."

"Cuta? Baƙon nawa?"

Na ce ba baƙon ba, wayarsa. Ashe na ƙara ɓata magana. Baba Gado, mai gadin shaton, tsoho amma hannunsa kamar na maƙeri, ya zo ta bayana ya ce, "Yi haƙuri, jikana," ya ɗaga ni cak kamar buhun dusa ya ajiye a gefe. Alhaji ya soka wayar da hannunsa. Da ta farfaɗo, baƙo ya ce ai yana da hotunan wasu bijimai da ya saya bara, a buɗe su a babban gilashi a gani. Suka zauna suna danna duk abin da ya bayyana, suna masha Allah. Ni ina waje ina lissafin inda zan nemi aikin dako.

Da gari ya waye famfo bai tashi ba. Gilashin kwamfutar ya yi ja, da rubutu cikin yaren da ko malamin makaranta bai gane ba sai alamar kuɗi, wai a biya kafin a buɗe. Wanda ya ƙirƙiri cutar nan bai san garin ba, bai san Alhaji ba, ƙila bai taɓa ganin sa mai tozo ba. Tarkonsa kawai ya watsa a duniya, mu muka ɗauko muka kawo shi har gindin shato, muka ba shi kujera. Kafin hantsi ruwan da ya rage a tanki ya ƙare. Mata suka jera kwanoni daga bakin famfo, layin da na rantse wutsiyarsa tana Djougou. Makiyaya kuwa sun fara isowa da garkunansu, shanun suna shinshina busasshen kwami suna kallona, kamar su ma an gaya musu ni ne.

Sai da na hau can ƙolin shato kafin na sami reso na kira Tanti. Ta iso da azahar a bayan zem, wato ɗan acaɓa, ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, faifan ajiya a ɗaure a zaninta kamar goyo. Ko ruwan da za a ba ta na maraba babu. Alhaji ya tare ta a gaban jama'a.

"Madam, na'urarki ta mutu. In shanu ba su sha ruwa ranar kasuwa ba, ki kwashi kayanki da yaronki."

Tanti ta wuce ɗakin famfo. Ta cire wayar da ta haɗa kwamfutar da famfo, ta duba, ta ce wankewa da mayar da komai daga faifai ba zai ƙare kafin kasuwa ba. "Bon. Da hannu za mu yi, kamar da." Famfon yana da makunni na hannu a cikin akwati, wannan da sauƙi. Amma babban bututun da ke sakin ruwa zuwa gari sai an juya shi da wani kewayayyen ƙarfe mai kama da sitiyarin mota. Muka je wurin, sai gundumin ƙarfe tsirara. Sitiyari babu.

"Baba Gado, ina abin juyawa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai tunda aka kawo kwamfuta aka ce ita za ta riƙa yi, sai na ga yana zaune banza."

"Yana ina?"

Yana bayan ɗakinsa, a kan duwatsun murhu, Iya matarsa ta ɗora masa tukunyar doya. Ta ce ba ta taɓa samun abin da ke zaunar da tukunya daram irinsa ba. Tanti ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayanin gari ba ruwa, shanu ba ruwa. Iya ta saurara tsaf, ta ce, "Na ji, 'yata. Bari doyar ta nuna." Wallahi haka muka tsaya, ni da Tanti da rabin kwamitin ruwa, muna gadin tukunya, wani dattijo har yana ƙara itace don a yi sauri.

Da aka sauke, muka jira ƙarfen ya huce, muka kai shi mazauninsa. Ya ƙi motsi, tsatsa ta cinye wuyan bututun. Aka kawo man kaɗe aka shafa, aka ɗura baƙin mai na babur, aka kira mahauta biyu da wani Bafulatani dogo, suka zura sanda a ciki suka danna da kabbara. Ya yi wata ƙara kamar jaki, ya juya. Daga ranar har aka ci kasuwa, ni ne kwamfutar garin. Ina saman shato ina leƙa cikin tanki, in ya kusa cika in kwarara ihu, Baba Gado ya kashe famfo, in ya yi ƙasa in sake ihu ya kunna. Rana ta gasa ni har na fara ƙamshin tsire. Amma ruwa ya isa unguwanni, kwami ya cika, shanu suka sha har suna wasa da shi. Tanti kuma ta wanke kwamfutar, ta mayar da komai, famfo ya koma tashi da kansa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe labarin ya kai birni, sai ga mutum biyu, mace da namiji, daga ofishin da ke bin irin waɗannan al'amura. Kafin a zauna da su, Alhaji ya ja Tanti gefe, ni ina riƙe da jakarta.

"Madam, ke 'yar gidan mutunci ce, na san iyayenki a Djougou. In sun tambaya, ki ce zafi ne ya buge na'urar. Kowa ya san bazarar bana. Sai a rufe maganar, ki ci gaba da aikinki."

"Alhaji, in na ce zafi ne, fanka za su ce a sayo. Ramukan kuma suna nan a buɗe."

"Wato tona ni za ki yi?"

"Ni ban ga komai ba, ba na nan. Amma ba zan ce zafi ba ne."

Aka taru a gindin mangwaro. Mutanen birnin nan, gaskiya, magana suka yi mai shiga kai. Matar ta ce a zamanin nan wanda yake son durƙusar da ƙasa ba sai ya ƙetaro iyaka da bindiga ba. Ya kashe mata ruwa, ya kashe mata wuta, ya rikita jirgin ƙasa da asibiti, yana zaune a ɗakinsa. Ta ce shaton ƙaramin gari da barikin soja duk tsaro ɗaya ne, kuma an daɗe ana gadin katanga alhali ta ramin caji ake shigowa. Dattawa suka gyaɗa kai, Alhaji ya fi kowa gyaɗawa. Sai namijin ya ce, to, me aka soka wa kwamfutar, kuma wa ke wurin?

Duk ido ya dawo kaina. Alhaji ya yi mini murmushi irin wanda yake yi wa sa kafin ya karya farashinsa.

"Faɗa musu, ɗana, kada ka ji tsoro. Zafi ne, ko?"

Na dubi Tanti. Tana kallon ƙasa, ba ta ba ni alamar komai ba. Na san abin da ke kan faranti: haya, kujerar ofisoshin Djougou, har da abincin ranata. Amma bencin ƙofar shago ya riga ya lalata ni.

"A'a, Alhaji."

Na faɗi yadda aka yi, wayar baƙo, hotunan bijimai, har ɗaga ni da Baba Gado ya yi. Baba Gado ya ce, "Wannan kam an yi, kuma ba shi da nauyi." Wasu suka fashe da dariya, Alhaji bai yi ba.

Mutanen birni ba su zagi kowa ba. Sun ce a toshe ramukan, kada a sake haɗa komai da kwamfutar famfo, a bar abin juyawa a mazauninsa, a riƙa gwada aikin hannu lokaci lokaci don kada ya sake tsatsa, a kuma koya wa mutum fiye da ɗaya. Suka sha ruwan shaton, suka hau motarsu.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba kwamiti ya shiga zaure. Abin da suka fahimta daga zancen tsaron ƙasa shi ne wannan: suka sayo kwaɗo mai girman kan rago suka maƙala a ƙofar ɗakin famfo, suka ɗauko wani maharbi da bindigarsa ta toka ya riƙa zama a bakin ƙofa, ko cutar za ta biyo ta hanyar Kolokondé a kan babur. Mabuɗin kwaɗon kuma aka damƙa wa Alhaji Sule. Sannan suka aiko wa Tanti cewa sun gode, amma ba za su iya aiki da wadda yaronta ba shi da kunya ba.

Ni ne mara kunya! Wanda ya soka waya yana nan da rawaninsa. Baƙon da ya kawo cutar an raka shi da kaji da buhun doya. Wanda ya mayar da abin juya ruwan gari murhu ko harara ba a yi masa ba. Matar da ta taso daga Djougou cikin rana ta dawo musu da ruwa kafin kasuwa, ita ce aka nuna wa hanya, don wani yaro ya ce a'a a gaban manya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji sukundireba.

Ranar da za mu tafi, Tanti ta miƙo mini gam ta ce in cika ramukan kwamfutar. Na ɗura musu har suna tumbatsa, da dukan haushina. Sannan ta sa muka ja waya daga batirin sola zuwa gindin mangwaro, muka kafa katako mai ramukan caji reras, wanda ba ya haɗe da komai sai wuta. Na ce, "Tanti, sun kore mu, kuma mu yi musu kyauta?" Ta ce, "Ba za su daina karɓar baƙi ba, Habibu, kuma bai kamata su daina ba. In ba ka ba baƙo wurin zama ba, kan gadonka zai hau. Riƙe tsanin da kyau."

To ku masu son koyon sana'a, benci yana nan a bakin ƙofa. Wanda ya iya yini a kansa, sai mu yi maganar sukundireba.

Aikin shaton yanzu yana hannun ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya iya tura waƙa a waya. Watan jiya na ratsa garin. Gindin mangwaro ya cika da masu caji, har mai ƙosai ta koma can. Abin juyawa yana kan bututunsa, Baba Gado ya ɗaure shi da sarƙa saboda Iya. Maharbi yana gyangyaɗi a bakin ƙofa. Na leƙa ta taga, sai na ga an sa tsinke an ƙwaƙule gam ɗin rami ɗaya, da wata farar wayar caji tana reto a jiki. Ba su sake kiran Tanti ba.